Lambobi Takwas da Aka Raba Biyu

Duk wanda ya taɓa kifar da na'urar rarraba intanet ta gida ko ta ofis, wadda masu sana'ar ke kira rauta, zai ga wata 'yar takarda manne a ƙasanta. A kai ake rubuta sunan kamfani da lambar ƙira da wasu haruffa da ba kowa ke damuwa da su ba. A kan ɗimbin na'urorin da aka sayar daga shekarar 2007 zuwa gaba akwai kuma wani layi mai lambobi takwas, an rubuta WPS PIN a gefensa. Waɗannan lambobi sun shafe kusan shekara biyar suna zaman mabuɗi na biyu ga Wi-Fi na miliyoyin gidaje, mabuɗin da yawancin masu gidan ba su san da shi ba, wanda kuma baƙo zai iya ƙera irinsa yana zaune cikin motarsa a bakin titi, tsakanin azahar da isha'i. Ba a bayyana wa duniya haka ba sai a makon ƙarshe na Disambar 2011.

Asalin abin niyya ce mai kyau. Tsarin farko na tsare Wi-Fi, mai suna WEP, ya rushe tun 2001, lokacin da masana lissafin ɓoye saƙo uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna raunin da ke cikinsa. Aka maye gurbinsa da WPA a 2003, sannan WPA2 a 2004. Sabon tsarin yana da ƙarfi matuƙar mai gida ya zaɓi doguwar kalmar sirri, domin yana karɓar haruffa daga 8 har zuwa 63. Matsalar ita ce mutane ba sa zaɓa. Da yawa sukan sayo na'urar, su jona ta da wuta, su ga intanet ya kawo, su bar ta a buɗe kamar rijiyar unguwa. Shiga shafin saiti, da zaɓen irin tsaro, da rubuta doguwar kalma a kan na'urar buga takarda wadda ba ta da allon rubutu, duk wahala ce da mai saye ba ya so. Kamfanoni ma ba sa so, domin kowane mai saye da ya rikice yakan buga musu waya ko ya maido da kaya.

Ƙungiyar kamfanonin da ke ba da shaidar ingancin kayan Wi-Fi, wato Wi-Fi Alliance, ta fito da mafita a farkon 2007, ta kira ta Wi-Fi Protected Setup, a taƙaice WPS. Na'urar za ta riƙe doguwar kalmar sirri da kanta, shi kuwa mai gida sai ya danna wani maɓalli a jikinta, ko ya rubuta lambobi takwas ɗin nan, sabuwar kwamfuta ta shiga. Hanyar maɓalli tana bukatar mutum ya taɓa na'urar da hannunsa. Hanyar lamba ba ta bukatar haka, kuma ita ce ƙungiyar ta wajabta wa duk na'urar da ke son tambarin WPS. Yawancin kamfanoni suka riƙa sayar da kayansu da wannan hanya a kunne tun daga kwali.

A takarda, lambobi takwas sun isa. Akwai lambobi miliyan 100 tsakanin 00000000 da 99999999. Wanda ya zauna yana canki-canka, yana gwada ɗaya kowane sakan ba dare ba rana, zai yi fiye da shekara uku kafin ya ƙare su. Lambar PUK ta layin waya ma takwas ce, ba a kuma jin ɓarayi suna cinko ta, domin bayan kuskure goma layin ya mutu ke nan. Katin cirar kuɗi lambobinsa huɗu ne kacal, amma kuskure uku ke sa banki ya rufe shi. Ƙarfin gajeriyar lamba yana zuwa ne daga abu biyu tare: yawan abin da mai canka zai gwada, da kuma yawan damar da za a ba shi. WPS ta yi sakaci da duka biyun, ta hanyar da ba a lura ba sai da wani matashi mai bincike ɗan ƙasar Ostiriya, Stefan Viehböck, ya zauna ya bi musayar saƙonnin ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko shi ne lamba ta takwas ba sirri ba ce. Daga bakwai na farko ake lissafo ta, don a kama kuskuren yatsa, irin yadda ake yi da lambar ƙarshe a zanen layukan da ke jikin kayan kanti. Ana tara lamba ta ɗaya da ta uku da ta biyar da ta bakwai a ninka sau uku, a ƙara ta biyu da ta huɗu da ta shida, sannan a nemo abin da zai cike jimlar ta rabu da goma daidai. Idan bakwai na farko 1234567 ne, jimlar 60 ce, saboda haka ta takwas sifiri ce, lambar ta zama 12345670. Da wannan kaɗai miliyan 100 ta koma miliyan 10. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma miliyan 10 ɗin ma aikin kwana 116 ne ga mai gwada ɗaya a sakan.

Abu na biyu shi ne ya karya gadon bayan tsarin. Lokacin da sabuwar kwamfuta ke neman shiga, ita da na'urar suna musayar saƙonni takwas. A saƙo na huɗu mai neman shiga yake gabatar da hujjar cewa ya san lambobi huɗu na farko. A saƙo na shida yake gabatar da hujjar sauran huɗun. Idan rabin farko ba daidai ba ne, na'urar takan yanke magana nan take da saƙon ƙi. Idan daidai ne, takan ci gaba zuwa saƙo na biyar. Wato na'urar da kanta take gaya wa baƙo ko ya cinki rabin farko, tun kafin a zo maganar rabi na biyu. Rabin farko yana da lambobi 10,000 da za a gwada. Rabi na biyu lambobi uku ne na gaskiya da ta lissafin nan, saboda haka 1,000 ne. Mai hari ba ya bukatar ninka 10,000 sau 1,000. Tara su kawai zai yi: 11,000, kuma a tsaka-tsaki yakan dace tun wajen rabin hanya.

Daga shekara uku an dawo 'yan sa'o'i. Abin da ya ƙara muni shi ne ladar da ke ƙarshen hanya, domin a saƙo na bakwai na'urar takan miƙa wa wanda ya ci jarrabawar saitinta, har da kalmar sirrin WPA2 ɗin kanta, komai tsawonta. Mai gidan da ya wahala ya zaɓi haruffa 40 bai fi wanda ya rubuta sunan 'yarsa tsira ba. Idan ma ya yi zargi ya sauya kalmar, wanda ya riga ya san lambobi takwas ɗin zai sake ƙwanƙwasawa a ba shi sabuwar cikin sakan kaɗan.

Mai karatu zai iya tambaya wane irin injiniya ne zai raba sirri biyu ya riƙa duba kowane rabi daban. Adalci ne a faɗi cewa ba wauta ce ta sa su ba, wani ɓarawon suke gudu. Suna tsoron na'urar bogi, wadda za ta ari sunan ta gaskiya ta yaudari kwamfutar mai gida. Da kwamfutar za ta miƙa hujjar dukan lambar a lokaci ɗaya, da na'urar bogin ta kwashe ta koma gefe ta gwada miliyan 10 ɗin a cikin kanta, wanda ba wani aiki ba ne ga kwamfuta. Sai suka tsara abin kamar ciniki tsakanin mutum biyu da ba su yarda da juna ba: kowa ya fara ajiye hujjojinsa biyu a rufe, sannan a riƙa buɗewa bi da bi, ba mai buɗe ta biyu sai ɗan'uwansa ya nuna ya san ta farko. Mayaudari zai tashi da rabi kawai. Wannan dabara tana aiki idan lambar ta amfani sau ɗaya ce, irin wadda na'ura mai allo ke nunawa sabuwa kowane lokaci. Amma rauta ba ta da allo. Lambarta a takarda aka buga, aka manna, kuma tana nan yadda take har ranar da za a jefar da na'urar. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin mamakin shi ne wannan kuskure ya girmi Wi-Fi da shekaru masu yawa, kuma yana cikin labaran da ake koya wa ɗaliban kwamfuta. A 1969 kamfanin BBN da ke Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka ya soma gina babbar manhaja mai suna TENEX don kwamfutar PDP-10. A kanta Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu a 1971, kuma kwamfutoci da dama na ARPANET, kakar intanet, da ita suke aiki. TENEX takan duba kalmar sirri harafi bayan harafi, ta tsaya a kuskuren farko, ta jira sakan uku don ta gajiyar da mai canka, sannan ta ce kalmar ba daidai ba ce. Ba ta faɗin wane harafi ne ya kuskure, saboda haka a ido babu laifi. Sai dai ma'ajiyar kwamfutar a rarrabe take shafi-shafi, kuma idan TENEX ta je karanta shafin da ba a ware wa mai amfani ba, takan sanar da shi da wani saƙo daban. Mai wayo sai ya ajiye cankarsa ta yadda harafin farko zai faɗa a ƙarshen shafi, sauran su faɗa cikin shafin da babu. Idan harafin farko kuskure ne, zai ji amsar da aka saba. Idan daidai ne, TENEX za ta matsa zuwa harafi na biyu, ta yi tuntuɓe da shafin da babu, ta kawo ɗaya saƙon. Daga nan sai ya matsar da kalmar da gurbi ɗaya ya nemi harafi na biyu. Da haruffa 128 da ake da su, kalma mai harafi shida tana da siffofi fiye da tiriliyan huɗu, amma ta wannan hanya gwaji 768 ne iyaka, ƙasa da minti 40 har da jiran sakan ukun. Butler Lampson ya kawo labarin a wata shahararriyar maƙalarsa ta 1983 kan tsara kwamfuta, inda ya nuna cewa kowane ɓangare na TENEX shi kaɗai ba shi da aibu, haɗuwarsu ce ta haifi ɓarakar.

Tsohon tsarin adana kalmar sirri na Windows, wanda aka gada daga LAN Manager, shi ma yakan mayar da haruffa manya, ya yanka kalma mai harafi 14 gida biyu, bakwai-bakwai, ya niƙa kowane rabi daban. Manhajar L0phtCrack ta 1997 a kan wannan ta yi suna, kuma sai a Windows Vista aka daina adana shi kai tsaye.

Wanda ya fi kama da WPS shi ne abin da ya sami shafin intanet na jaridar Wall Street Journal. Idan mai biyan kuɗi ya shiga, shafin yakan ba burauzarsa wata 'yar shaida, wadda ake kira kuki, don kada a riƙa tambayarsa kalmar sirri a kowane labari. Ana yin shaidar ne ta hanyar haɗa sunan mai amfani da wata kalmar sirri ta kamfanin, a niƙa su da wani tsohon injin Unix mai suna crypt. Wasu masu bincike huɗu daga jami'ar MIT, Kevin Fu da Emil Sit da Kendra Smith da Nick Feamster, suka lura cewa crypt haruffa takwas na farko kaɗai yake karantawa, sauran yakan watsar. Duk wanda sunansa ya kai harafi takwas, sirrin kamfanin bai shiga shaidarsa ba sam, kowa zai iya ƙera ta. Suna mai harafi bakwai kuwa yana barin gurbin harafi ɗaya na sirrin, wanda gwaji 128 zai fito da shi. Sai a koma suna mai shida a ciro harafi na biyu, haka har ƙarshe, gwaji 1,024 a mafi yawa. Kalmar da suka ciro ita ce March20. Sun gabatar da binciken a taron tsaro na USENIX a 2001, shekara shida kafin a soma manna takardun WPS.

Viehböck ya wallafa bincikensa a ranar 26 ga Disambar 2011, washegari hukumar US-CERT ta Amurka ta fitar da gargaɗi mai lamba VU#723755. Gargaɗin ya amsa cewa ba a san wani maganin kirki ba, illa a kashe WPS. A gwajin da ya yi da na'urorin D-Link da Linksys da Netgear da TP-Link, kowace canka ta ɗauki tsakanin rabin sakan da sakan uku, kuma ta Netgear ce kaɗai ta nuna wani tsari na rufe ƙofa bayan kurakurai, shi ma gajere. Ƙa'idar WPS ta ba da shawarar irin wannan rufewa, amma ba ta ɗaure kamfanoni da adadi ko tsawon lokaci ba, kuma abin da ba a wajabta ba mai ƙera kaya mai araha yakan tsallake. Gajeriyar rufewa ma ba ta isa ba idan abin gwadawa 11,000 ne. A ce na'ura tana rufewa minti ɗaya bayan kowane kuskure uku: da miliyan 10 za a gwada, da aikin ya wuce shekara shida, amma ga 11,000 kwana biyu da rabi ne.

Kwana kaɗan bayan haka Craig Heffner na kamfanin Tactical Network Solutions da ke jihar Maryland ya saki manhaja kyauta mai suna Reaver, wadda ke yin aikin duka da kanta cikin sa'a huɗu zuwa goma. Lambar da take fara gwadawa ita ce 12345670 ɗin nan, domin akwai na'urorin da da ita suka fito daga masana'anta. Kamfanin ya ce shi ma ya gano raunin da kansa, kuma ya kusa shekara yana riƙe da manhajar. Wannan maganar ta fi sauran tayar da hankali. Idan mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun gano abu ɗaya, a ƙa'idar da ta shekara biyar a hannun kamfanoni, ba hikima ba ce a ɗauka su ne na farko.

Shawarar a kashe WPS ma ta gamu da cikas. A Janairun 2012 Sean Gallagher na mujallar Ars Technica ya gwada Reaver a kan wata na'urar Linksys, ya fasa ta cikin kimanin sa'a shida, sannan ya shiga saiti ya kashe WPS ya sake gwadawa. Na'urar ta ci gaba da amsa canka kamar ba a taɓa komai ba. Maɓallin kashewar a allo kawai yake. Gyaran gaskiya sai da sabuwar manhajar cikin na'ura, kuma a nan ne halin kasuwar ya fito fili. Rauta ta wancan zamani ba ta sabunta kanta. Sai mai ita ya san akwai matsala, ya nemo fayil a shafin kamfanin, ya ɗora da hannunsa, alhali an ƙirƙiro WPS ne domin mutanen da ba sa iya shiga shafin saiti. Na'urorin da kamfani ya daina sayarwa kuwa sau da yawa ba a yi musu gyara ba.

Daga baya Wi-Fi Alliance ta gyara ƙa'idar, ta wajabta rufe hanyar lamba bayan kuskure goma a jere. Wannan ya toshe canki-canka ta iska a sababbin na'urori, amma masu bincike sun riga sun ɗanɗana. A 2014 Dominique Bongard, ɗan ƙasar Suwizalan, ya koma kan hujjojin nan biyu da na'urar ke ajiyewa a rufe a saƙo na uku. Abin da ke rufe kowace hujja wata lamba ce da ya kamata na'urar ta zaɓa bagatatan, ta yadda ba mai iya cinka. Ya gano cewa a na'urori masu ƙwaƙwalwar Broadcom hanyar zaɓen mai rauni ce, a wasu masu ta Ralink kuwa lambar sifiri ce zalla. Wanda ya san abin da aka rufe hujja da shi ba ya bukatar sake damun na'urar. Musaya ɗaya ta ishe shi, sai ya yi gwajin 11,000 ɗin a cikin kwamfutarsa cikin ƙiftawar ido, inda babu mai ƙirga kuskurensa balle ya rufe masa ƙofa. Harin ya yi suna da Pixie Dust. A shekarar dai Heffner ya nuna cewa wasu na'urorin D-Link suna lissafo lambobi takwas ɗin ne daga lambar shaidar na'urar, wadda take shelantawa a iska ga duk mai saurare.

Rashin ƙirga kuskure bai tsaya ga rauta ba. A 2016 Anand Prakash, mai bincike ɗan Indiya, ya lura cewa lambar nan mai shida da Facebook ke aikowa wanda ya manta kalmar sirrinsa ana tsare ta da iyakar gwaji a babban shafin, amma a shafin gwajin kamfanin an manta a sa iyakar. Lamba mai shida siffofinta miliyan ɗaya ne. Ya kai rahoto, aka gyara, aka biya shi dala 15,000.

WPS kuwa ba a yi mata jana'iza a rana ɗaya ba, janyewa aka riƙa yi daga gare ta. Apple bai taɓa sa ta a iPhone ba. Google ya cire ta daga Android 9 a 2018, shekarar da Wi-Fi Alliance ta fito da WPA3 da kuma wata sabuwar hanyar shiga mai suna Easy Connect, inda waya ke ɗaukar hoton zanen QR maimakon a rubuta lamba. Ita kanta musayar saƙonni takwas ɗin ba a sake mata tsari ba, domin sauya ta zai hana sababbin kaya magana da tsofaffi. A duk na'urar da hanyar lamba ke kunne har yau, ana duba huɗun farko a saƙo na huɗu, sauran a saƙo na shida, kuma abin da ke tsakanin mai canka da kalmar sirrin gidan shi ne ko wanda ya ƙera na'urar ya sa ta ƙirga zuwa goma.